Mai shari'ar da ya rene ni a aiki ya rasu: me zan faɗa a kansa, me zan bari a ciki?

"Ranka ya daɗe, na yi shekara uku ina aikin mataimakin bincike a ofishin wani mai shari'a na Babbar Kotu. Allah ya yi masa rasuwa kwanan baya, kuma a cikinmu da muka yi aiki a ƙarƙashinsa ni aka ɗora wa rubuta abin da za a karanta a zaman ban kwana da kotu za ta yi masa. Na sha jin manyan alƙalan Amurka suna cewa alƙali wane ne ya mayar da su abin da suka zama, alhali shekara ɗaya tak suka yi tare. Shin da gaske alƙali yana da irin wannan tasiri a kan mataimakansa, ko dai yabon mamaci ne kawai? Ni kuma me ya kamata in faɗa, me ya kamata in bari?"

Barista, Allah ya jiƙan maigidanka, ya sa hidimar da ya yi wa shari'a ta zama hujja a gare shi, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa.

Abu biyu ka tambaya, kuma amsar na biyun tana cikin na farkon. Kana son sanin ko tasirin nan na gaske ne, sannan kana son sanin yadda za ka faɗe shi a gaban kotu ba tare da ka yi ƙari ko ka ci amana ba. Tasirin na gaske ne, amma ba a wurin da yawancin masu jawabi suke nemansa yake ba. Su kan tsaya a kan kirki da kyauta da riƙon addini, waɗanda kowane maƙwabci zai iya ba da shaidarsu. Abin da mataimaki kaɗai ya gani shi ne yadda mutumin yake aiki: yadda yake karanta kundin shari'a, yadda yake gyara daftari, da abin da yake yi idan doka ta kai shi inda zuciyarsa ba ta so. Wannan shi ne gādon da ke hannunka.

Inda al'adar ta samo asali

Tunda Amurka ka ambata, bari mu tsaya can, don nan ne tsarin ya fi daɗewa kuma aka fi rubuta tarihinsa. Mataimakin da ake magana ba rijistara ba ne, ba kuma magatakardan da ke kiran ƙara ba. Matashin lauya ne da bai daɗe da gama makaranta ba, yana zama a ofishin alƙali yawanci shekara ɗaya, ya yi bincike, ya taya rubutu, sannan ya wuce wani ya zo.

Horace Gray ne ya fara wannan a 1875, lokacin yana Babban Jojin jihar Massachusetts. Yana ɗaukar ɗaliban da suka yi fice a makarantar lauyoyi ta Harvard, yana biyan su daga aljihunsa. Da aka kai shi Kotun Ƙolin Amurka a 1882 ya tafi da al'adar, sai a 1886 majalisar dokoki ta fara ware kuɗin biyan mataimaka. Yau kowane alƙalin Kotun Ƙoli yana da mataimaka huɗu, kuma shida daga cikin alƙalai tara na kotun sun taɓa yin wannan aiki a kotun da suke zaune a yanzu: John Roberts, Elena Kagan, Neil Gorsuch, Brett Kavanaugh, Amy Coney Barrett da Ketanji Brown Jackson.

Akwai silsila ɗaya da ta cancanci ka riƙe. Cikin yaran Gray na Massachusetts akwai Louis Brandeis, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli. Brandeis ya ɗauki Henry Friendly a 1927. Friendly ya ɗauki John Roberts a 1979, shi kuma Roberts tun 2005 shi ne Alƙalin Alƙalan Amurka. Mutum huɗu, sun haɗa 1875 da yau. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don a kotunan alƙalai na ƙasar Hausa muhuti yana zama gefen alƙali yana rubutu da duba littattafai, kuma daga nan da yawansu suka kai ga kujerar.

Henry Friendly da abin da yaransa suka ɗauka

Friendly shi ne misalin da ya fi dacewa da tambayarka. An haife shi a 1903, ya yi shekaru yana aikin lauya a New York, har da zama babban lauyan kamfanin jiragen sama na Pan Am. Shugaba Eisenhower ya naɗa shi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya mai zama a New York a 1959, kuma yana kan aikin har rasuwarsa a watan Maris na 1986. Bai taɓa zama a Kotun Ƙoli ba, amma har gobe lauyoyin Amurka idan suka kafa hujja da hukuncinsa sukan ambaci sunansa, abin da ba kasafai ake yi wa alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ba.

Abin da tsoffin mataimakansa suka yi ittifaƙi a kai shi ne cewa da hannunsa yake rubuta hukuncinsa. Yana zama da alƙalami da takarda, littattafan rahoton shari'a a buɗe kewaye da shi, yana aiken mataimaki ya ɗauko wane kundi, don yawancin hukunce-hukuncen da yake buƙata suna kansa. Kafin a shiga kotu yakan zaunar da mataimakin su tattauna ƙarar baki da baki, kuma wanda bai karanta takardun sosai ba nan take asirinsa zai tonu. Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, da yawansu sun ce tsoronsa suke ji. Amma yana son a yi masa gardama, kuma idan yaro ɗan shekara ashirin da biyar ya kawo hujjar da ta fi tasa, yakan sauya.

Ga hukunci ɗaya da zai nuna maka irin aikin da suke kallo. A 1960 ya saurari shari'ar Frigaliment, inda wani kamfani na Suwizalan ya sayi kaji daskararru daga wani kamfani na New York. Da kaya suka isa, sai mai saye ya tarar manyan cikinsu tsofaffin kaji ne na dafawa, shi kuwa ya ce matasan kaji na gashi yake nufi. Kwangilar dai "kaza" kawai ta ce. Friendly bai zauna ya yanke abin da yake ganin ya fi kyau ba. Ya duba rubutun kwangilar. Ya duba wayoyin tangarahu da suka yi musaya. Ya saurari 'yan kasuwar kaji a kan abin da suke nufi da kalmar a tsakaninsu. Ya duba ƙa'idojin ma'aikatar gona da kwangilar ta yi nuni da su. Sannan ya duba farashi: an sayar a kan santi 33 kowace laba, alhali matasan kaji a lokacin suna tsakanin santi 35 da 37, wato da matasan kaji ake nufi, da mai sayarwa ya yarda da faɗuwa da gangan. A ƙarshe ya ce nauyin tabbatar da ƙunƙuntar ma'ana yana kan mai ƙara, kuma bai sauke shi ba, don haka ƙara ta faɗi. Ɗaliban dokar kwangila a Amurka suna karanta wannan hukunci har yau. Yaron da ya ga ana bin shari'ar kaji da irin wannan tsanaki, sau da yawa a shekara guda, ba zai sake iya kawo wa kowa ra'ayi ba tare da ya bi hujjoji ɗaya bayan ɗaya ba.

Yanzu dubi waɗanda suka fito daga ofishin. Ban da Roberts akwai Merrick Garland, wanda Shugaba Obama ya zaɓa don Kotun Ƙoli a 2016 majalisar dattawa ta ƙi sauraronsa, daga baya ya zama Antoni-Janar a 2021. Akwai Raymond Randolph, da Michael Boudin, da William Bryson, da Pierre Leval, dukansu sun zama alƙalan kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya, Leval ma a kotun maigidan nasa ya zauna. Akwai shehunnan malaman jami'a kamar Bruce Ackerman da David Currie. Tsakanin 2003 da 2005, Randolph da Garland da Roberts suna zaune a kotu ɗaya a Washington. Shugabannin jam'iyyu daban-daban ne suka naɗa su, kuma a manyan batutuwan siyasar shari'a ba bakinsu ɗaya ba. Wannan shi ne babban dalilina na cewa hanyar aiki ake gāda, ba ra'ayi ba. Da ra'ayinsa ya ɗura musu, da ba su watsu haka ba.

Dalilin da shekara ɗaya take isa

Makarantar lauyoyi tana koyar da hukuncin da aka riga aka kammala. A ofishin alƙali ne kaɗai matashi yake ganin hukunci tun yana ɗanye, lokacin da amsa biyu suke da ƙarfi kusan ɗaya kuma dole a zaɓi guda. Abu uku ne suke sa darasin ya kama. Na farko, gyara yana zuwa a kan aikinka kai kanka, a ranar da ka yi shi, ba bayan wata uku ba. Na biyu, kuskure yana da farashi na gaske: idan ka kawo hukuncin da kotun sama ta riga ta soke kuma ya shiga rubutun alƙali, sunan alƙalin ne zai ɓaci, wani kuma zai rasa gonarsa ko 'yancinsa. Na uku, shi ne aikin farko, lokacin da mutum bai riga ya kafa ɗabi'a ba. Abin da na lura da shi a wannan sana'a shi ne, lauyan da ya fito daga hannun alƙali mai tsanaki ana gane shi daga takardar bahasinsa. Yana kawo shafin kundin shari'a a bayan kowace magana da ya yi a kan abin da ya faru, kuma yana ambaton hukuncin da ya saɓa masa da kansa kafin abokin hamayya ya ambata.

Sai dai akwai iyakar da ya kamata mai gaskiya ya tsaya. Friendly yana zaɓen yaransa daga sahun gaba na manyan makarantu, mutanen da ko ba shi da wuya su rasa abin yi. Ba wanda zai iya raba abin da suka zo da shi da abin da suka samu a wurinsa. Haka kuma wani ɓangare na tasirin ba ilimi ba ne, buɗe ƙofa ne: wasiƙar shaida, kiran waya, tura yaro zuwa ga alƙalin Kotun Ƙoli. Daga wurin Friendly Roberts ya wuce ofishin William Rehnquist, alƙalin Kotun Ƙoli wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalai, a 1980, kuma da Rehnquist ya rasu a watan Satumba na 2005 Roberts yana cikin tsoffin mataimakan da suka ɗauki akwatin gawarsa, sannan ya gaji kujerarsa. Saboda haka kada ka ce maigidanka ne ya yi wane da wane. Ka faɗi abin da ya koya maka, ka bar masu sauraro su yi lissafi.

Akwai kuma ɓangaren da jawaban ban kwana suke tsallakewa. Kusancin da ke sa reno ya yiwu, shi ne yake sa zalunci ya ɓoyu, don makomar yaro tana hannun mutum ɗaya. Alex Kozinski, alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a yammacin Amurka, ya ajiye aiki a watan Disamba na 2017 bayan mata da dama, ciki har da tsoffin mataimakansa, sun zarge shi da cin zarafi. Abokin aikinsa Stephen Reinhardt ya rasu a 2018 aka yi ta yabonsa, sai a 2020 wata tsohuwar mataimakiyarsa ta ba da shaida a gaban kwamitin majalisar wakilai cewa ya ci zarafinta. A 2019 hukumar kotunan tarayya ta gyara ƙa'idojinta don a fayyace cewa riƙon sirrin ofis bai hana kai ƙarar irin wannan hali ba. Ba ina nufin maigidanka yana da wani abu ba. Ina nufin kafin ka ce "dukanmu", ka kira sauran da suka yi aiki a ofishin, maza da mata, ka ji daga bakinsu. Wanda bai so a sa sunansa ba, kada ka matsa masa, kada kuma ka tambaye shi dalili a gaban mutane.

Abin da za ka rubuta

A zaman ban kwana irin namu, Babban Joji zai yi magana, Antoni-Janar zai yi, wakilin manyan lauyoyi da shugaban ƙungiyar lauyoyi za su yi. Su za su kawo tarihin karatu da muƙamai, kada ka maimaita. Ka tambayi rijistara minti nawa aka ba ka. Idan biyar ne, kalmomi 600 zuwa 650 sun isa, don mutum a cikin alhini ba ya karatu da sauri.

Ka zaɓi hukunci ɗaya, ko biyu idan lokaci ya bari, daga waɗanda aka riga aka karanta a bainar jama'a. Ka ɗauko kwafin da kotu ta tabbatar, kada ka dogara da abin da ka tuna. Ka bi sawunsa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli. Nan ne aka fi yin tuntuɓe: mai jawabi ya yabi hukunci, alhali a zauren akwai lauyan da ya sa aka soke shi. Idan an soke amma kana ganin akwai darasi a ciki, ka faɗi cewa an soke. Idan ɗaukaka ƙarar tana nan ba a gama ba, ka bar shi ɗungurungum.

A jikin wannan hukunci ka rataya ɗabi'a biyu ko uku da ka gani da idonka. Sashe na 294 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kotu ta ba da hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan kammala shaida da jawaban ƙarshe na lauyoyi. Yaya yake riƙe wannan wa'adi? Yana da littafin da yake ƙirga kwanaki? Yana fara rubuta taƙaitaccen bayanin shaida tun ana cikin sauraro? Idan ka kai masa hukuncin baya, yana yarda da taƙaitawar da ke saman rahoto ko sai ya karanta ainihin maganar alƙalan? Me yake rubuta maka a gefen daftari da jan biro? Jimla ɗaya tasa da ka tabbata ya faɗa ta fi shafi guda na sifofi. Idan ba ka tuna lafazin daidai ba, ka ce "ma'anar abin da yakan ce", kada ka sa masa magana a baki yanzu da ba zai iya gyara ta ba. Idan mai zafi ne a aiki, ka faɗa da ladabi, don duk lauyan da ke zauren ya san haka, kuma da zarar ka ɓoye ba za su yarda da sauran maganarka ba.

Abin da za ka bari

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma amanar ofishin alƙali ba ta mutuwa da mutuwarsa. Kada ka ce kai ka rubuta wani hukunci ko wani sashe nasa. Ko da kai ka yi daftarin farko, hukunci na wanda ya sa hannu ne, kuma irin wannan magana tana iya zama makami a hannun wanda ya sha kaye. Kada ka faɗi cewa ya fara karkata ga wani ɓangare sannan ya juya. Kada ka kawo abin da ya ce a kan wani lauya, ko shaida, ko abokin aikinsa. Shari'o'in da ya fara saurare bai gama ba, yawanci za a miƙa su ga wani alƙali a faro daga farko, don haka suna raye, ko da ishara kada ka taɓa su. Idan akwai wanda ya taɓa neman saye shi ya ƙi, kana iya cewa an gwada shi bai karye ba, amma ba suna, ba shekara, ba abin da zai sa a gane shari'ar. Maganar ciwonsa da harkar gidansa ta iyalinsa ce, ka nuna musu rubutun kafin ranar.

Ko a Amurka ba a daidaita a kan iyakar wannan sirri ba. A 1970 Friendly ya rubuta daftarin hukunci a kan dokar zubar da ciki ta jihar New York, amma majalisar jihar ta sauya dokar kafin a fitar da shi, shari'ar ta mutu. Randolph, wanda shi ne mataimakinsa a lokacin, sai a 2005 ya bayyana daftarin a fili, bayan shekara 35 da rubuta shi, 19 da rasuwar alƙalin. Hugo Black, alƙalin Kotun Ƙoli, ya sa an ƙona bayanan da ya rubuta na tattaunawar alƙalai kafin rasuwarsa a 1971. Takardun Thurgood Marshall kuwa, shi ma alƙalin Kotun Ƙoli, an buɗe su ga masu bincike jim kaɗan bayan rasuwarsa a 1993, har Rehnquist ya rubuta wasiƙar nuna ɓacin rai, don akwai alƙalan da ke kan kujera da sirrinsu ke ciki. A ganina, wata biyu bayan rasuwa, a gaban lauyoyin da ƙararrakinsu ke gudana, ba lokacin buɗe komai ba ne.

Bayan zaman

Jawabi na minti biyar ne, kuma idan kuna son abin ya daɗe sai kun yi wani aiki bayansa. Yaran Friendly sun haɗa kuɗi suka kafa lambar yabo da sunansa a Cibiyar Dokokin Amurka, wadda aka ba alƙaliyar Kotun Ƙoli Ruth Bader Ginsburg a 2018 da Roberts a 2023, kuma Harvard tana da kujerar farfesa mai sunansa. Ku ba sai kun kai nan ba. Hukunce-hukuncen Babbar Kotu ba kasafai suke shiga littattafan rahoton shari'a ba, shi ya sa aikin shekara ashirin yake iya ƙarewa a ɗakin ajiya inda ruwa da gara suke. Ku nemi izinin Babban Joji a rubuce, ku karɓi kwafi tabbatattu na hukunci talatin zuwa hamsin da suka fi muhimmanci, ku ɗauki hotonsu a kwamfuta, kowanne ku rubuta masa lambar ƙara, ranar hukunci, batun da aka yanke da abin da kotun sama ta yi da shi. Shari'o'in yara ƙanana da na fyaɗe ku cire sunaye. Ku ba iyali kwafi, ku ba laburaren kotu, ku ba tsangayar koyon shari'a ta jami'ar da ke kusa da reshen ƙungiyar lauyoyi. Daftarori da littattafan da yake rubutu a cikinsu lokacin zaman kotu kuwa, kada kowa ya tafi da su gida a matsayin abin tunawa. Ku lissafa su, ku miƙa wa babban rijistara, shi da Babban Joji su raba abin da yake na kotu da abin da yake na iyali.